Arba'in da Huɗu

Wata guda bayan mun binne mahaifiyata Zulmira
na buɗe durowarta a tsohon gidanmu na Porto.
Warin kafur ya fito ya tare ni.
Can ƙurya, bayan rigunan sanyi,
ga koriyar rigar da ta sa a bikin ƙanwarta,
a wuyanta wani ɗan ƙyalle da ya koɗe:
arba'in da huɗu.

Na san lambar nan tun kafin in iya ƙirga.
Da raɗa take faɗinta a kanti,
kamar mai ambaton bashin da ya yi mata yawa.
Saboda ita, daren bikin São João,
ana gasa sardin a kowace ƙofa,
hayaƙi na gangarawa har bakin kogin Douro,
sai ta ce ta ƙoshi.
Ta miƙo mini burodinta, ta sha ruwa.

Ni kuwa talatin da takwas nake sawa.
Shekara ashirin ina gadin lambar nan
da shayi ba sukari da hawan tudun unguwa,
ina cewa a raina: na tsira, ban gado ta ba.

Na zura rigar don in ji iska a cikinta.
Zif ya hau, ya hau,
ya tsaya cak a tsakiyar bayana.
Na riƙe numfashi. Ya ƙi.
Na zauna bakin gado, rabi a rufe, rabi a buɗe,
madubi na kallona bai ce komai ba.

Washegari na kai wa Dona Ermelinda,
tela ce, allurai a leɓe, tabarau a kan hanci.
Ta shimfiɗa rigar, ta ja igiyar awo,
ta auna ƙugun matacciya, ta auna na mai rai,
ta yi dariya har allura ta faɗi.
Ta ce, Graciete, santimita ba ta canja ba,
lambobin ne suka yi ƙaura cikin dare.
Masu kanti sun gano mace ta fi sakin kuɗi
in an rage mata lamba an ƙara mata yadi.
Uwarki siririya ce. Dubi nan. Siririya!

Siririya.
Wa zai je maƙabarta ya gaya mata?
Wa zai mayar mata da kifin da ba ta ci ba?

Sai tsohuwar ta juya rigar ciki waje,
ta nuna mini kalmasa, faɗin yatsa uku kowane gefe.
Ta ce, da haka muke ɗinki,
muna ɓoye wa jiki yadi don gobe,
don haihuwa, don shekaru, don shekarar da aka samu.
Na yanzu ba su bar ko zare ba.
In jiki ya motsa, jikin ne mai laifi.

Da yamma 'yata Benedita ta dawo
da wando uku daga kanti uku,
lamba uku, ƙugu ɗaya,
ta kulle ɗaki, na ji tana kuka ƙasa-ƙasa.
Shekararta sha biyar.
Na san muryar. Raɗar kakarta ce.

Ban iya wa'azi ba.
Na ƙwanƙwasa, almakashi a hannuna.
Muka zauna a ƙasa muna yanke ƙyallayen wuya,
nata da nawa,
suka taru kamar ɓawon gyaɗa.
Na arba'in da huɗu kaɗai na bari.

Ranar Asabar zan karɓo rigar, an farke kalmasa.
Yau dai na soya sardin shida,
na yanka burodi da kauri.
Benedita ta ci biyu, ta dube ni,
na ɗauki na uku na sa mata a faranti,
na ɗauki nawa.