Igiyar Guga

A shekarar da gwamnati ta ɗauke mana
rufi sittin cikin kowane ɗari,
Hukmaram ya dangwala yatsa a takarda,
aka kawo faranti goma sha biyu a bayan tarakta,
masu sheƙi kamar wuyan ɗawisu.
Aka kafa su suna duban kudu,
bayan itacen kejri, gefen hanyar Jodhpur.

Tsohon injin dizal mun rufe shi da buhu.
Shekara tara yana tari a kunnena,
yana cin kuɗin albasa tun tana ƙasa,
yana barin baƙi a hancin yara.
Ranar da ya yi shiru
na ji kukan kurciya, na ce ashe tana nan.

Rana ba ta aiko da takardar biya.
Tana fitowa, ruwa na fitowa.
Wa zai kashe famfon da ba ya cin ko kwabo?
Mu da muka saba da gero sau ɗaya a shekara
muka zuba alkama a rani,
na fanso awarwarona daga hannun mai ba da rance,
Sugna ta koma makaranta da takalmi.

Pemaram maƙwabcinmu ba shi da takardar gona.
Gonar kakansa ce, amma ofis ba ya karanta kaka.
Yana nan da gugansa da raƙuminsa.
Bara ya ƙara igiya gaba uku,
bana ya ƙara biyar,
jiya guga ya dawo masa da yashi mai laima.

Bai ce uffan ba.
Ya tsaya bakin shinge yana kallon fangalinmu na cika.
Ashe ƙasa tukunya ɗaya ce,
mai dogon ludayi ke shan romo.

Mu ma watan jiya an ƙara wa bututunmu tsawo.
Ma'aikaci ya ce mu rage ban ruwa,
mu sayar da rarar wuta, za a biya.
Turakun lantarki kuwa a ƙauyen gaba suka tsaya.

Da yamma na goge farantan da bakin mayafi,
na cika tulu biyu, na kai gidan Pemaram.
Matarsa ta karɓa, ta yi ta godiya,
kamar ba nata na mayar mata ba.