Silifas a Saman Ƙofa

A Aboabo, bayan kwatar da ke cika ta batse duk damina,
akwai rumfar kwano ta Masta Munkaila.
In ka ɗaga kai kafin ka shiga
za ka ga silifas shuɗi, ƙafa ɗaya, kafe da ƙusa,
a tsage daga baki har tsakiya.
Nawa ne.

Wata takwas ina sharar garin katako
kafin ya bar ni in taɓa zarton lantarki.
Ran nan ma sai da ya zare waya daga bango,
ya birkice shi kamar mai duba bakin rago a kara.
"Ƙirga haƙoran."
Ashirin da huɗu.
"Yatsunka fa?"
Na yi shiru.
"To, ka ga wa ya fi yawa."

Naɗe hannun riga, in ji shi.
Sa tabarau, ko da gumi zai cika shi.
Faifan ya leƙo ƙasan katako kaɗan,
tsawon haƙori guda ya isa, ba rijiya kake haƙa ba.
Matse odum a kan benci, gwiwa ba mamatsi ba ce.
Guntun da za a yar, ba shi hanyar faɗuwa:
in ka tokare gefe da gefe zai cije faifan,
zarto kuwa in aka cije shi, harbinsa ya fi na jaki.
Kauce gefe,
kada ka tsaya a bayansa kamar mai bin liman.
Hannu biyu. Waya ta bi ta kafaɗa.
Bari muryarsa ta cika kafin ya taɓa itace.
Tsohon katako, laluba shi, ƙusa ba ta sallama.

Na haddace duka kamar alli a allo.
Alli kuwa, ka sani.

Wata Talata Masta ya tafi Sokoban sayen wawa.
Maame Pokuaa mai shinkafa da wake na tsaye a kaina,
bencinta take so kafin azahar,
tana zuba min Twi, tana haɗawa da Hausa.
Murfin faifan ya riƙa maƙalewa, ƙaro ya daskare a ciki.
Goge shi minti biyar ne.
Na ga minti biyar ya yi min tsada,
na janye murfin sama, na ɗaure da guntun waya.

Yanka ɗaya, sumul.
Biyu. Uku.
Har na fara jin kaina wani ne.
A na huɗu na saki kunama,
na aje shi ƙasa yadda na saba,
na manta sakin kunama ba shi ne tsayawar faifai ba.

Ya taka siminti da haƙora tsirara.
Ya zaburo kamar zakaran da aka yanka bai gama mutuwa ba,
ya datse wayarsa, ya yi tartsatsi,
ya bi ta inda ƙafata take
daƙiƙa ɗaya da ta wuce.
Ban san sanda na fice daga takalmin ba.
Maame ta kira Yesu, na kira Allah,
rumfar ta yi tsit, sai warin roba.

Masta ya dawo da la'asar.
Ya dubi wayar, ya dubi murfin a ɗaure,
ya durƙusa ya ƙirga yatsun ƙafata da bakin fensir,
sau biyu.
Bai zage ni ba. Da ma ya zaga.
Ya ɗauki silifas, ya hau kan benci,
guduma uku.
Sannan ya miƙo min kananzir da tsohon buroshi:
"Sai murfin nan ya koma da kansa, ƙwas, za ka tashi."

Bayan isha na kama hanyar Asawase
ƙafa ɗaya a takalmi, ɗaya a ƙasa.
Tsakuwa, murfin kwalba, ruwan kwata mai sanyi,
babu wanda na kauce wa.
Ina jin kowanne da yatsu biyar.