Zuciya Biyu

A Rustavi na same ta, layi na tara,
inda motoci ke jere kamar shanu a kara,
kowace da lambar alli a goshi.
Gocha dillali ya bugi bayanta da tafi:
"Gwanjon Amurka ce, ta Poti ta sauka.
Ƙofar hagu aka sauya, sauran duk nata ne."
Na san ya rage wani abu.
Ni ma da na taya, ban faɗi nauyin aljihuna ba.

Baki biyu gare ta: na baya fetur yake sha,
na gaba, kusa da taya, sai wuta.
Da dare nakan zuro waya daga hawa na uku,
ta ratsa barandar Lamara, tsakanin zannuwan gado,
ta sauko tsakar gida kamar igiyar guga,
sai dai wannan rijiyar a sama take.
Lamara ta ce ranar da shanyarta ta kama da wuta
ni zan biya, har da matashin kai.
Na kai mata kwalbar zuma.
Wayar dai tana nan.

Sana'ata gyaran muryar fiyano,
da kunne nake cin abinci.
Shi ya sa safiyar farko, da na danna maɓalli
ban ji komai ba, gabana ya faɗi,
na ce Gocha ya yi min sakiyar da ba ruwa.
Ina ɗaga ƙafa sai ta sulale.
Na ji tsakuwa tana ƙara ƙarƙashin taya,
na ji tantabaru, na ji tarin wani a bene,
na ji Tbilisi tana hamma.

Takarda ta ce kilomita talatin da biyar a caji ɗaya.
Wannan zancen ƙuruciyarta ne.
Yanzu ashirin da biyu, in rana ta yi kirki,
a Janairu sha huɗu, shi ma in na haƙura da ɗumi,
ina tuƙi da safar hannu, numfashina na rufe gilas.
Nugzar bakanike ya jona mata kwamfuta, ya taɓe baki:
"Batirin ya cinye sulusin ransa.
Sabo kake so? Sayar da motar, ka cika kuɗi."
Na ce a bar shi.
Ni ma gwiwata ba ta bara ba ce.

Babana ya ja bas shekara talatin,
bai yarda da motar da ba ta tari da safe ba.
Ran Asabar na ɗauke shi zuwa Telavi, duba inabinsa.
Bai ce uffan ba har mararrabar Vaziani,
inda wuta ta ƙare, inji ya farka da gurnani.
Tsoho ya gyara zama. "Yauwa. Ashe da rai."
A gangarar Gombori na nuna masa allo,
layin caji yana hawa muna sauka,
burki na tattara abin da dutse ya karɓe.
Ya daɗe yana kallo.
"Shekara talatin," in ji shi, "ina ƙona wannan a banza."

Da nake shara na tsinci ribom ƙarƙashin kujerar baya,
ruwan hoda, da gashi biyu masu launin alkama.
Wata yarinya a ƙetaren teku ta neme shi ta gaji.
Na ɗaure shi a madubi.

Yau da dare ina kwance waya, Lamara ta leƙo.
Ba faɗa ba ne. Gobe likitan ido zai gan ta,
ko hanyata ta biya ta Saburtalo?
Ba ta biya ba.
Na lissafa: bakwai zuwa, bakwai dawowa,
ga sanyi ya fara shigowa.
Na ce ta sauko ƙarfe takwas,
ta sa riga mai kauri.