Rami da Kwando

A bayan garin Iisalmi, can ƙasar Finland,
inda rana ke ƙin kwanciya a watan Yuni,
akwai fili ɗaya mai masu gida biyu.
Su da safe, mu da yamma,
haka aka rubuta a allon bakin ƙofa,
sai dai allo ba ya bin mutum cikin fili.

Su suna da rami, ɗan mitsitsi, da tuta a kansa.
Mu muna da kwando, tsaye kan ƙafa ɗaya,
ya rataya sarƙoƙi yana jiran baƙo.
Su ƙasa suke kallo, mu sama.
Ƙwallonsu in ta faɗa rami
kamar an haɗiye magana ne;
faifanmu in ya daki sarƙa
sai dinyoyin tafki sun tashi.

Tuulikki mai aske ciyawa ta ja kunnena tun ranar farko:
"Yarinya, taka ko'ina,
ban da waccan koriyar da'ira.
Shekara tara ina lallashinta."
Na ce to.
Ni na ji, iska ce ba ta wurin.

Ran wata Talata na taso daga gidan burodi,
gari bai gama fita daga farcena ba,
na wurga jan faifaina, ina nufin kwando na bakwai.
Ya miƙe sambal, sai ya sake shawara,
ya karkata hagu, ya tsallake ramin yashi,
ya shafi iskar hular wani tsoho
da ya sunkuya yana auna taku ukun da ya rage masa,
ya faɗa tafki, tsundum.

Tsohon bai ɗago ba.
Ya buga. Ƙwallo ta lashi bakin rami ta wuce.
Sannan ya dube ni,
kallon da ya fi zagi tsawo.
Na ba da haƙuri daga nesa, iska ta kwashe rabi.

Bayan kwana goma waya ta yi ƙara.
"Ke ce Sirkku? Lambarki na bayan wani jan faranti.
Aulis ne. Wanda kika ɓata wa bugu."

Na same shi bakin tafki, wando a naɗe,
riƙe da doguwar sandar nan mai cokali a baki
wadda 'yan golf ke tsamo ƙwallayensu da ita.
Gefensa faifai goma sha huɗu,
sun ƙoshi da laka, suna shan hantsi,
kowanne da suna da lamba a cikinsa.
"Naki na zo nema, na tarar da unguwa guda a ƙasan ruwa.
Duk na kira masu su.
Tun rasuwar matata
ban yi magana da mutum goma sha huɗu a mako ɗaya ba."

Ya juya nawa a hannu, ya auna nauyinsa.
"Yaya ake yi?"
Na jera masa yatsu a ƙarƙashin leɓen.
Na ce, ja shi ta gaban ƙirji
kamar mai tayar da injin kwalekwale.
Ya ja. Ya saki.
Shekara arba'in na riƙon sanda suka bi ta kafaɗarsa,
faifai ya tashi, ya yi kwana,
ya koma inda aka tsamo shi.

Muka tsaya har ruwa ya gama zana zobensa.
Ya miƙo mini sanda mai cokali:
"To, saura ke ki koyi tawa."

Har yau bai sayi faifai ba,
ni ma ban taɓa buga ƙwallonsa ba.
Ya ce wasanmu hayaniya ce da roba,
na ce nasu neman allura ne mai tsada.
Amma in sarƙa ta yi kuka a kwando na bakwai,
can wajen tuta nakan hango hannu ɗaya ya ɗagu,
mai hannun bai ko waiwayo ba.

Tuulikki kuwa tana bisa injinta,
ba ruwanta da wanda ya ci.
Ƙafafunmu take kallo.