Mai Gyaran Jiniya a Suame

Kunnena na hagu ya mutu.
Jiniya ce ta cinye shi a hankali,
yadda tsatsa ke cin ƙasan mota.
Da na dama nake neman abinci yanzu,
a wata rumfar kwano cikin Magazin,
tsakanin mai walda da mai tallan koko.

A cikin kowace jiniya akwai ɗan noti,
bai kai ƙwayar gujiya ba.
Ka murɗa shi dama, ta tsaga gari.
Ka murɗa shi hagu, ta koma
jaririn da ya gaji da kuka.
Shekara ashirin da shida ina wannan aiki,
ba wanda ya taɓa cewa in yi hagu.

Mumuni ya zo da motar asibiti, ido jawur.
Ya ce, "Baba Gariba, ƙure mata.
Jiya minti arba'in na yi a Kejetia,
ga mace a baya, jini ya jiƙa zane biyu.
Direban trotro ya dube ni ta madubi,
ya ce wa yaronsa,
gawa ce, ina take sauri?"

Ban ga laifin direban sosai ba.
A garin nan, Juma'a da Asabar,
gawa ta fi kowa murya.
Wanda ya yi wata uku kwance cikin sanyi
shi ake buɗe wa hanya da kururuwa.
Sai mai kuɗin da ya makara wurin biki,
sai yaron mai kuɗin.
Kuka ya yi yawa,
kunnen gari ya yi kanta.

Rabin murɗi na ƙara wa Mumuni.
Na ce, ƙarfi ba shi ne magana ba.
In ka ƙure ta, ƙarar za ta daki bango ta dawo,
mai tuƙi bai san ko daga Bantama take ba
ko daga cikin kansa.
Wadda ke kwance a bayanka ma tana ji.
Ka ja mata doguwa tun daga nesa,
in ka matso mararraba, ka yanka ta guntu-guntu.
In dare ya raba ka shiga Aboabo, sassauta.
Lungu ba faɗi,
barcin tsofaffi kuwa ɗan kaɗan ne.
Fitila ta ishe ka.

Ya tafi yana ƙunƙuni.

Ranar Laraba sai ga Kwarteng mai motocin gawa,
guda uku, baƙaƙe, an goge su suna sheƙi.
Yana so a ji shi tun daga Tafo.
Na karɓi sidi ɗari biyu,
na sunkuya,
na murɗa hagu.
Da ya dawo da fushi na ce lasifikar ce jabu.
Allah Ya yafe mini wannan ƙarya.
Sau biyu na yi ta, ina lissafi.

Da dare a kan mataccen kunnen nake kwanciya,
in bar mai ran a sama.
Ina gane aikin hannuna a cikin duhu
kamar yadda makiyayi ke gane kukan saniyarsa.
Daren Litinin, wajen ƙarfe uku,
na jiyo ta daga mararrabar Anloga, doguwa,
sannan guntu-guntu,
sannan, da ta iso layinmu,
ta sauko ƙasa-ƙasa
kamar baƙo mai gyaran murya a bakin ƙofa.
Jikata Sahadatu ko juyi ba ta yi ba.
Jar fitila ta lashi labule, ta wuce.

Ban san wanda ke ciki ba.
Ban sani ba ko ya kai.

Da safe na tarar da motocin Kwarteng
a layi na gaba, wurin wani yaro sabon hannu.
Ina shan koko na ji ya murɗa,
har kwanon rumfata ya amsa.