Kwalba Ɗaya a Kan Taga

Na tambayi Muƙbil, Bayamalen nan na Spital Hill,
“Wannan na maza ne ko na mata?”
Bai ɗago ba, yana ta goge gilashin kanta.
Ya ce, “Tambayi itacen.
Ni dai ban ga ya tsayar da gemu ba,
ban kuma ga ya huda kunne ba.”

Fam arba'in da biyar. Sau biyu na ƙirga.
Kwalbar ba ta kai babban yatsana ba,
ruwan cikinta kamar shayin da aka manta a kan wuta.

Ɗigon farko bai yi mini ladabi ba.
Hayaƙi ne, da tsohuwar fata,
da ƙasan adakar da ta shekara ba a buɗe ba,
da wani ɗaci-ɗaci irin na sabon goro.
Na ce a raina an cuce ni.
Sai da na hau tudun Pitsmoor,
yayyafin Sheffield na bin wuyan rigata,
sannan ya sassauta murya,
ya miƙo zuma,
ya miƙo ɗumin ɗakin da aka yi hira aka tashi.

Tanimu bas yake tuƙawa.
Ni a gidan kula da tsofaffi nake kwana.
Ina shigowa yana fita,
takalmi ɗaya a ƙafa, burodi a baki,
gaisuwarmu ba ta kai tsawon hamma ba.
Amma in na faɗa gefensa na gado
matashin kai ya ajiye mini shi.
A jikinsa udu ya fi duhu,
garwashi ne da ya yi lamo cikin toka.
Shi kuwa ya rantse a gyalena fure yake ji.
Ni ban taɓa jin furen ba.
Kwalba ɗaya ce, kowa da abin da take faɗa masa.

Doreen, mai shekara casa'in da ɗaya,
wadda sunan 'yarta ya ɓace mata tun bara,
ta kama wuyan hannuna ƙarfe ukun dare,
ta shaƙa, ta ce, “Babana ya dawo daga masana'anta.”
Ban gyara mata ba.
Na zauna na zama babanta
har barci ya ɗauke ta.

In kai mai sauri ne, wuce, ga na lemo can,
ya yi maka tafi minti goma ya kama gabansa.
Wannan na mutumin da ake ce wa mai girman kai ne
a makon farko,
sai an shekara a gane
shi ne ke wanke kofunan kowa ba tare da ya faɗa ba.
Na wadda ba ta cika baki a taro,
amma in ta tashi sai kujerarta ta ci gaba da magana.
Na wanda ya iya zama shi kaɗai bai kunna rediyo ba.

Muƙbil ya ce itacen ba ya ƙamshi sai an ji masa ciwo.
Ban so labarin ba.
Ba na son a riƙa yi wa ciwo kirari.
Na san mutane da yawa da aka sara,
ruɓewa kawai suka yi.
Ƙamshin ba na gatarin ba ne,
na abin da itacen ya yi ne bayan an tafi an bar shi.

Jiya na ɗaga kwalbar a hasken taga,
ta sauka ƙasa da rabi.
Na ja layi da biro daidai bakin ruwan,
na rubuta: Tanimu, ina kallonka.
Yau da safe na tarar ya ƙara a ƙasa:
Lantana, ɗigo ɗaya nake yi.
Sauran, ke nake nema.