Mazurari

Ƙarfe biyun dare a Leeds,
ruwa na ƙwanƙwasa taga kamar mai neman canji.
Misis Hargreaves safar ulu take sayarwa,
ni kuma ta ɗauke ni in ƙera mata mazurari
a shagon da ba ƙofa, ba benci, ba sallama.

Iya Lantana ta riga ni sanin aikin nan.
A kasuwar Funtuwa nata na gwangwani ne,
baki wangame, gindi tsuke,
man gyaɗa ya sauka kwalba, ko ɗigo ba ya ɓata.

Nawa yoyo yake.

Akwai mai sauri, da waya a hannu, jirgi na shirin tashi;
maɓalli ɗaya na ba shi, kore,
kafin zuciya ta yi masa shawara.
Akwai mai tayi, ba da baki ba,
ya tsaya kan farashi, yatsa na kai-kawo.
Shi na ɓoye wa ragi a bayan labule.

Wata a Harrogate sau uku tana cika kwando
tana tafiya.
Safa ƙanana, na jinjiri, farare.
Na rubuta mata: kin bar kayanki.
Na karanta. Na goge.
Iya ba ta taɓa bin kowa har gida ba.

Gobe lissafi zai ce dubu sun leƙo,
sha bakwai sun biya.
Sauran sun fice,
ba wanda ya ce Allah ya kawo kasuwa.

Na faɗa wa kaina,
na kashe fitila.